Avolition da Involuntary: Ma'anarsu, Bambancinsu da Yadda Ake Faɗarsu da Hausa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce mai koyon aikin jinya. A darasin lafiyar ƙwaƙwalwa na ci karo da kalmar *avolition*, na duba ƙaramin ƙamus ɗina ban same ta ba. Abokiyar karatuna ta ce ai ɗaya ce da *involuntary*, tunda duka suna nufin rashin son rai. Haka ne? Kuma da Hausa yaya zan faɗe ta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Abokiyar karatunki ta kama gaskiya ta gefe guda, domin kalmomin nan 'yan gida ɗaya ne. Amma kada ki yarda ki sa ɗaya a gurbin ɗaya, ko a jarrabawa ko a takardar majinyaci. *Involuntary* tana magana kan abin da ya auku ba tare da mutum ya nufa ba, wani lokaci ma yana ƙi. *Avolition* kuwa tana magana kan abin da ya kasa aukuwa, saboda ƙarfin nan da ke tashin mutum ya kama aiki ya yi rauni a cikinsa. Wanda atishawa ta zo masa ana tsakiyar taro, da wanda ke zaune tun safe ya kasa miƙewa ya yi wanka, duk kina iya cewa ba a son ransu ba ne. Sai dai kowa ya san abin da ke damun wannan daban, na wancan daban.

Mu fara daga saiwa. A harshen Latin akwai aikatau *velle*, wato so ko nufi, idan mutum zai ce "ina so" sai ya ce *volo*. Daga wannan saiwa aka sami *voluntary* da *volunteer*, ɗan sa-kai, aka kuma sami *volition*, wadda ta shiga Turanci a ƙarni na 17. Hatta *will*, duk da cewa ba aronta aka yi daga Latin ba, kakansu ɗaya da *velle* idan aka bi salsala can baya. *Volition* ita ce ikon da mutum ke da shi na ƙudurta abu a zuciya, ya kuma tashi ya aikata. Masu karatun Larabci za su ce irada. A hirar yau da kullum ba a cika jin ta ba sai a wata magana guda da ta riga ta zauna a baki: *she left of her own volition*, wato ta tafi bisa raɗin kanta, babu wanda ya kore ta.

Kowace cikin kalmomin biyu an maƙala mata ɗafa-goshi na korewa. *In-* na Latin ne, shi ya zauna a kan *voluntary* tun a Latin ɗin, Turanci ya gaje su haɗe. *A-* kuwa na Girkanci ne, irin wanda kike gani a *apathy* da *amnesia* da *aphasia*. Ke nan *avolition* kan Girkanci gare ta, gangar jiki ta Latin. Irin wannan haɗin gambiza yawanci daga hannun masu wani fanni yake fitowa, nan kuwa likitocin ƙwaƙwalwa ne suka ƙera ta don bukatar aikinsu. Shi ya sa ƙaramin ƙamus bai ɗauke ta ba. Bature da yawa ya rayu har ya tsufa bai taɓa furta ta ba, alhali *involuntary* tana bakin kowa.

To, *involuntary* ɗin ma ba ma'ana ɗaya take ɗauke da ita ba, kuma a nan masu fassara suka fi yin tuntuɓe.

Wadda za ki fi haɗuwa da ita a aikinki ita ce ta jiki. Zuciyar baligi tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti idan yana hutawa, ba ya umartar ta, ba ya iya ce mata ta tsaya. Hanji yana tura abinci, baƙin ido yana tsukewa idan haske ya yi yawa, gumi yana tsatsowa. Tsokar da ke irin wannan aiki ita ake kira *involuntary muscle*. Idan likita ya buga ƙaramar gudumar roba a ƙasan ƙoƙon gwiwa ƙafa ta yi tsalle, saƙon laka kawai ya je ya dawo, bai jira izinin ƙwaƙwalwa ba. Likitoci biyu Jamusawa, Erb da Westphal, su suka bayyana wannan gwaji a 1875. Fizgar farfaɗiya da karkarwar ciwon Parkinson duk *involuntary movements* ne. Numfashi da ƙiftawar ido kuwa suna tsaka-tsaki: kina iya riƙe numfashi na ɗan lokaci, amma da kin shagala jiki zai karɓi aikinsa, kuma ko kin dage zai ƙwace daga hannunki. A duk waɗannan babu wanda ya tilasta wa mutum, babu kuma abin da ya ƙi. Ba a shawarci nufinsa ba ne kawai.

Ina so ki lura da wani abu game da harshenmu, domin shi ne mabuɗin fassarar wannan ma'ana. Turanci yana son ya bar mutum a kujerar aikau, sannan ya ƙaro bayanau ya wanke shi: *he laughed involuntarily*. Hausa ba ta bi ta nan. Sauke mutum take yi daga kujerar, ta ɗora abin da ya same shi. Dariya ta kuɓuce masa. Hawaye suka zubo mata. Barci ya kwashe shi. Shaƙuwa ta kama ni. Tari ya sarƙe ta. Magana ta suɓuce masa. Tsikar jikina ta tashi. Dubi yadda a kowace jimla dariyar ce ko barcin ko maganar ke aikin, mutum kuwa shi aka yi wa. Haka nan aikatau kansa yana rarrabewa: "ya fasa kwalba" daban, "kwalba ta fashe a hannunsa" daban, "ya kwanta" daban, "ya faɗi" daban, "ya duba" da "ya gani", "ya saurara" da "ya ji". Saboda haka idan na ga an rubuta "ya yi dariya ba tare da son ransa ba", nakan san Turanci ne ke kwance a ƙarƙashi. Jimlar ba ta karya nahawu ba, amma ta shigo da wata ma'ana da ba a nufa ba, kamar wani ne ya tsare shi da sanda ya ce sai ya yi dariya. Bahaushe cewa zai yi dariya ta ƙwace masa, kuma kowa ya gane.

Ma'ana ta biyu ita ce ta tilas. Nan nufin mutum yana nan lafiya lau, ya ma faɗi abin da yake so, sai aka danne shi. Gyara na 13 da aka yi wa tsarin mulkin Amurka a 1865 ya haramta bauta da *involuntary servitude*, wato aikin dole, in ban da wanda kotu ta yanke a matsayin hukuncin laifi. A asibitin masu taɓin hankali akwai *involuntary admission*, kwantar da majinyaci ba da yardarsa ba, bisa sharuɗɗan da dokar kowace ƙasa ta gindaya, galibi idan ana tsoron ya cutar da kansa ko wani. Masanin tattalin arziki na Birtaniya, Keynes, a littafinsa na 1936 ya yi dogon bayani kan *involuntary unemployment*: mutum yana da lafiya, yana son aiki, ya yarda da albashin da ake biya, amma aikin babu. A duk waɗannan "dole" da "tilas" da "ba da yardarsa ba" su ne fassarar da ta dace. Abin da Hausawa ke nufi ke nan da suka ce dole uwar na-ƙi.

Tun zamanin Aristotal, masanin falsafa na tsohuwar Girka, ake tufka da warwara kan iyakar wannan tilas ɗin. Ya kawo misalin matuƙan jirgin ruwa da guguwa ta ritsa da su, suka zubar da kayansu a teku don su tsira. Da hannunsu suka zuba, da saninsu, amma ba mai hankalin da zai zaɓi haka da ba don guguwar ba. Ya ce irin wannan aiki gauraye ne, ko da yake ya fi kusa da na son rai, tunda a lokacin su suka zaɓa. Wanda iska ta sure shi ta jefar kuwa, shi babu ruwansa ko kaɗan. Na kawo wannan ne don ki ga cewa kalmar tana da matakai, kuma har yau kotuna a kan waɗannan matakai suke tafiya.

Ta uku, wadda ta fi ruɗa mutane, tana cikin shari'a. *Involuntary manslaughter* kisa ne da ba a nufa ba, amma aikin da ya jawo shi da gangan aka yi, cikin sakaci ko ganganci. A 2011 wata kotu a Los Angeles ta sami likitan Michael Jackson, Conrad Murray, da wannan laifi, aka yanke masa shekara huɗu. Babu wanda ya ce hannun likitan ne ya motsa da kansa, babu kuma wanda ya ce tilasta masa aka yi. Shi ya ba da maganin sa barci mai ƙarfi a ɗakin kwana, inda babu kayan sa ido da ake bukata. Mutuwar ce bai nufa ba. Wanda ya fassara wannan da "kisan tilas" ya ɓata shari'ar gaba ɗaya. "Kisan kuskure" ko "kisa ta hanyar sakaci" shi ne daidai. Akwai kuma wani babi dabam da lauyoyi ke kira *automatism*, inda ake cewa aikin kansa *involuntary* ne, ba na mutumin ba ne. Alƙalan Ingila sun daɗe suna buga misali da direban da gungun ƙudan zuma ya afka masa yana tuƙi. A Kanada, a 1987, wani mutum ya tuƙa mota kimanin kilomita 23 cikin magagin barci ya kashe surukarsa, kotu ta wanke shi, kotun ƙoli ta ƙasar ta tabbatar da hukuncin a 1992. Kin ga kalma guda, a wani wuri tana kai mutum kurkuku, a wani wuri tana fitar da shi.

Wata 'yar'uwar *involuntary* da za ki gani a darasin ɗa'ar aikin lafiya ita ce *non-voluntary*. Ita ana amfani da ita idan mutum ba ya cikin halin da za a tambaye shi, kamar jariri ko wanda ya yi doguwar suma. *Involuntary* a wannan fage tana nufin yana iya yanke shawara amma aka yi gaban kai, ko ya ƙi aka yi.

Yanzu ga wadda kika tambaya.

*Avolition* suna ne, kuma alamar ciwo ce. Ma'anarta raguwa ko gushewar ikon fara aiki mai manufa da kai, da kuma ci gaba da shi har a gama. Kundin DSM-5 na Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka, wanda ya fito a 2013, ya sa ta cikin alamomin sikizofireniya, wani ciwon taɓin hankali mai tsanani, gefe da gefe da raguwar bayyana yanayin zuciya a fuska da murya. Likitoci sun raba alamomin wannan ciwo gida biyu. Akwai waɗanda ciwon ya ƙara wa mutum, kamar jin muryoyi da gaskata abin da babu shi. Akwai kuma waɗanda ya rage masa, su ake kira *negative symptoms*, kuma kada kalmar ta yaudare ki: ragi take nufi, irin na lissafi, ba mugunta ba. Guda biyar aka saba lissafawa: dusashewar yanayin fuska, ƙarancin magana, rashin jin daɗin abin da a da ake jin daɗinsa, janyewa daga mutane, sai ita wannan. Tun kafin a laƙaba wa ciwon sunansa na yanzu, wanda likitan Switzerland Eugen Bleuler ya yi a 1908, likitan Jamus Emil Kraepelin ya riga ya lura cewa raunin nufi yana cikin gindin ciwon. Ba a sikizofireniya kaɗai take ba, ana ganin ta a ciwon damuwa mai tsanani, da bayan raunin ƙwaƙwalwa, wani lokaci ma maganin da ake ba majinyaci ne ke ƙara masa nauyin jiki har ya yi kama da ita. Wannan na ƙarshe ya sa idon ma'aikaciyar jinya yake da daraja, domin ke za ki ga ko abin ya tsananta ne bayan an canja magani.

Yadda take bayyana a zahiri shi ne abin da nake so ya zauna miki. Saurayi ne da a da yake da abokai da sana'a da kwalliya, yanzu sai ya wuni a wuri ɗaya. Kwana uku bai yi wanka ba. An ajiye masa takardar da zai cika tun makon jiya, tana nan inda aka ajiye. Ki tambaye shi ko yana son ya koma aiki, zai ce yana so, kuma da gaske yake. Ya san inda sabulu yake, ƙafarsa lafiya, hannunsa lafiya, babu wanda ya hana shi. Gadar da ke tsakanin "ina so" da "na tashi" ita ce ta karye. Sau da yawa idan wani ya tsaya a kansa cikin lallashi, ya miƙa masa tawul, ya raka shi bakin ƙofa, zai yi wankan. Gobe kuma sai an sake. Abin da ke tayar da injin daga ciki ne ya yi sanyi, shi ya sa turi daga waje ke ɗan aiki.

Wannan ne ya sa fassarar kalmar ta fi ƙarfin wasan ƙamus a wurina. Kalmomin da suka fi saurin zuwa bakin Bahaushe duk na zargi ne: lalaci, ragwanci, ƙyuya, son jiki, sai kuma babbarsu, mutuwar zuciya. Ita wannan ta ƙarshe tana da jan hankali ƙwarai, domin a zahirin lafazi kamar an auna ta da *avolition*. Amma kin san abin da ake nufi idan aka ce wane zuciyarsa ta mutu: ƙato ne da lafiyarsa ya zaɓi zaman banza da dogaro da na wasu, kunya ta fita daga idonsa. Zagi ne. Na taɓa ganin wata takardar wayar da kai da aka fassara, an jera alamomin ciwon, a ciki an rubuta "lalaci". Raina ya ɓaci ƙwarai, domin na san uwa za ta karanta, ta dubi ɗanta, ta ce ashe ma likitoci sun tabbatar. Daga nan sai faɗa, sai gori, sai a hana shi abinci wai don ya yi zuciya. Shi kuwa ba abin da gori ke ƙara masa sai janyewa.

Akwai hanyar rarrabewa mai sauƙi. Malalaci zaɓe yake yi: a ce masa aiki ya noƙe, a ce masa ga abin da ransa ke so, sai ki gan shi ya riga kowa. Mai *avolition* ba ya zaɓe, abin ya game har da abin da yake ƙauna. Ƙwallon da a da ba ya barin ta wuce shi, yanzu ko akwatin talabijin ba ya kunnawa. Sannan ga canji: lalaci hali ne da aka san mutum da shi, wannan kuwa iyali za su iya ce miki ba haka yake ba shekara biyu da suka wuce.

Ni abin da nake ba ɗalibaina shawara shi ne "gushewar himma", ko "rashin himma na ciwo" idan ana son a fito da shi fili. Himma ita ce kalmar da ta fi kusa da wannan ƙarfin tashi a yi, kuma rashinta bai kai zagi ba. "Gushewa" tana nuna abu ne da a da yake nan. "Kasala" ta fi karkata ga nauyin jiki, irin na mai zazzaɓi, shi kuwa wannan jikinsa ba lallai ya yi nauyi ba. "Rashin kuzari" ma haka. Idan da iyali kike magana, jimla ta fi kalma amfani: "Ciwon ne ya taɓa wurin da ke zaburar da mutum ya fara abu. Yana so, tashin ne ke gagarar sa." Ban taɓa ganin wanda aka yi wa wannan bayani bai gane ba.

Za ki kuma haɗu da *abulia*, wasu su rubuta *aboulia*. Ita Girkanci ce zalla, daga *boule*, nufi ko shawara. Ta girmi *avolition* a littattafan likitanci. Masanin halayyar ɗan Adam na Faransa, Théodule Ribot, ya yi bayaninta a littafinsa kan cututtukan nufi a 1883. Ma'anarsu ta yi kusa ƙwarai, bambancin ya fi yawa a bakin wa ake jin su. Likitan jijiyoyi da ƙwaƙwalwa shi ke cewa *abulia*, yawanci idan akwai rauni da ake iya nunawa a hoto, kamar bayan shanyewar ɓarin jiki ko ƙari ko buguwa da ta taɓa sashen gaba na ƙwaƙwalwa, ko cibiyoyin can ciki da ke aiki da sinadarin dofamin. Irin wannan majinyaci za ki yi masa tambaya ya yi shiru har ki ɗauka bai ji ba, can sai ya amsa da kalma ɗaya, kuma amsar daidai. Sukan jera abin mataki-mataki: *apathy* ce mafi sauƙi, *abulia* a tsakiya, ƙarshen shi ne *akinetic mutism*, wanda likitan tiyata Hugh Cairns ya bayyana a 1941, inda mutum yake a farke, idonsa na bin mai wucewa, amma ba ya motsi ba ya magana, alhali bai shanye ba. Likitan taɓin hankali kuma shi ke cewa *avolition*. *Apathy* ta bambanta da su ta wani gefe, domin ita rashin damuwa ce, abin bai dame shi ba, kuma ta shiga maganar kowa har ana faɗar ta a kan masu ƙin fita zaɓe. *Anhedonia* daɗin ne ya tafi. Sukan zo tare a jikin mutum ɗaya, amma a takarda kowace da gurbinta.

Sauran 'yan ƙa'idojin amfani ba su da yawa. *Avolition* ba a ƙirga ta, don haka ba a sa mata *an* ba a kuma yi mata jam'i; ana cewa *the patient shows marked avolition*, sifarta kuma *avolitional*. Wurin furtawa, ƙarfin murya yana kan gaɓar "li", harafin farko kuma ana jan sa kamar "ei". *Involuntary* sifa ce, ƙarfinta na kan gaɓa ta biyu, bayanau ɗinta *involuntarily*. Aiki take siffantawa ko hali, ba kasafai take hawa kan mutum ba. Kuskuren da na fi gani a rubutun ɗalibai shi ne *he was involuntary to go*. Ba a faɗar haka. Idan ba ya so ne, *unwilling*. Idan yana jan ƙafa ne amma zai tafi, *reluctant*. Idan ya yi ne bai ankara ba, *unintentional* ko *inadvertent*. Wani kuskuren kuma shi ne ɗaukar cewa kullum ita ce kishiyar *voluntary*. Idan aka ce halartar taro *voluntary* ce, wato ganin dama, kishiyarta *compulsory* ko *mandatory*. Idan aka ce *voluntary work*, aikin sa-kai, kishiyarsa aikin albashi.

Akwai wasu da ƙamus babba ke ɗauke da su amma ba za ki bukace su ba: *volitionless*, wadda marubuta adabi kan ɗauko jefi-jefi, da *nolition*, daga *nolle* na Latin, wato ƙi. Wannan *nolle* ɗin dai tana raye a kotu cikin *nolle prosequi*, lokacin da mai gabatar da ƙara ya janye. Turanci ma yana da tasa tsohuwar *nill*, kishiyar *will*, wadda ta ɓace sai a cikin *willy-nilly*, da asalinta ke nufin ko an so ko an ƙi.

Game da takardar majinyaci, shawarata ita ce kada ki tsaya ga kalmar ita kaɗai, musamman yanzu da kike koyo. Yanke cewa wannan *avolition* ce ko damuwa ce ko nauyin magani ne aikin likita ne, kuma da abin da kika rubuta zai yi shi. Rubuta abin da idonki ya gani: ya zauna a bakin gado daga ƙarfe takwas zuwa sha biyu, bai fara komai da kansa ba; ya yi wanka bayan an tuna masa sau biyu an kuma miƙa masa kaya; da aka tambaye shi ya ce yana son fita waje, amma bai tashi ba sai da aka raka shi. Idan kuma kin ga leɓensa na motsi ko harshensa na fitowa ko yatsunsa na rawa ba da saninsa ba, wannan a layi dabam za ki sa shi, ƙarƙashin *involuntary movements*, ki kuma sanar da likita a ranar, domin wasu magungunan wannan ciwo suna jawo hakan idan an daɗe ana sha.

Allah ya ba da sa'ar karatu, Malama, ki kuma gaishe da abokiyar taki.